Mallakar Fasaha da Mallakar Kadara: Nazari a kan Iyakar Haƙƙi

Tambayar da wannan nazari ya sa a gaba ita ce: shin wanda ya wallafa littafi, ko ya tsara waƙa, ko ya ƙago magani, ya cancanci ya mallaki abin da ya samar kamar yadda manomi ke mallakar gonarsa, makiyayi ke mallakar saniyarsa? Masu cewa ya cancanta suna da hujja mai nauyi, domin wahalar aikin ƙwaƙwalwa ba ta gaza ta aikin hannu ba. Masu cewa bai cancanta ba su ma ba da ka suke magana ba, domin dokokin ƙasashen duniya, duk da bambancinsu, kusan sun haɗu a kan yanka wa haƙƙin mawallafi wa'adi, alhali ba su yanka wa mai gona ba. Za mu bi al'amarin daki-daki, mu fara da bayanin kalmomin da za mu yi aiki da su.

Abin da muke nufi da mallaka shi ne ikon da shari'a ko doka ta ba mutum a kan wani abu, kuma ikon nan dunƙule yake da haƙƙoƙi huɗu: ya yi amfani da abin, ya hana wani taɓa shi, ya fitar da shi daga hannunsa ta hanyar sayarwa ko kyauta ko jingina ko gado, sannan ikon ya ɗore muddin abin yana nan. Kadara kuwa ita ce dukiyar da take da jiki, wadda ido ke gani hannu ke taɓawa, kamar gida da gona da dabba da tufa. Da fasaha muna nufin abin da tunani ya haifar, wanda ake iya raba shi da jikin da ya ɗauke shi. Littafin da ke hannun mai karatu, da takardarsa da tawadarsa da bangonsa, kadara ne, kuma na wanda ya saya ne. Tsarin kalmomin da ke ciki, wanda za a iya kwafe shi zuwa wata takarda ko a haddace shi ba tare da littafin ya ragu ba, shi ne fasahar. Duk gardamar da ake yi a kan wannan abu na biyu ake yin ta.

Doka ta kasa mallakar fasaha gida huɗu. Akwai haƙƙin mawallafi, wanda ya shafi rubutu da waƙa da zane da fim, kuma yana kare siffar da aka zuba magana a ciki ne kawai, ba ya kare ra'ayin da maganar ta ɗauka. Akwai haƙƙin maƙagi, wato takardar da hukuma ke ba wanda ya ƙago sabuwar na'ura ko magani ko hanyar sarrafa abu, a kan ya bayyana wa duniya yadda abin yake, shi kuma a hana kowa kwaikwayonsa na wani lokaci, wanda a yau shekara 20 ne. Akwai alamar kasuwanci, wato suna ko tambarin da ake gane kayan wani da shi. Akwai kuma sirrin sana'a. Biyun ƙarshe ba za su tsayar da mu ba. Alamar kasuwanci ana kare ta ne don kada a yaudari mai saye, shi ya sa take ɗorewa muddin ana aiki da ita. Sirri kuwa kariyarsa tana ƙarewa ranar da ya fita ta halastacciyar hanya. Biyun farko su ne wurin saɓani.

Bambanci na farko tsakanin kadara da fasaha a ɗabi'arsu yake, tun kafin doka ta sa baki. Kadara ba ta ɗaukar masu amfani biyu a lokaci guda ba tare da ɗaya ya tauye ɗaya ba. Idan an kore saniya, mai ita ya wayi gari ba nono ba saniya. Fasaha kuwa kamar wutar murhu take: maƙwabciya ta shigo da kasko ta ɗebi garwashi, ta je ta hura tata, ta gidan da aka ɗeba kuma tana nan tana ci. Da irin wannan misali Thomas Jefferson, shugaban Amurka na uku, ya kafa hujja a wata wasiƙa ta 1813, cewa ƙage-ƙage ba sa zama dukiya bisa ɗabi'a, sai dai al'umma ta ga dama ta ba maƙagi keɓantaccen haƙƙi don ƙarfafa masa gwiwa. Asalin dalilin da ya sa mutane suka shata iyakar gonaki shi ne ƙaranci: ƙasa ba ta isar kowa, dole a san ta wane ce don kada a yi ta faɗa. Waƙa ba ta da wannan ƙaranci. Doka ce ke ƙirƙiro mata shi da gangan, ta hanyar hana kwafi.

Kada a fahimci cewa wanda aka kwafi aikinsa bai yi asarar komai ba. Ya yi, kuma asarar tana iya durƙusar da shi. Sai dai ya kamata a kira ta da sunanta: abin da ya rasa shi ne kasuwa, wato cinikin da zai yi da ba a riga shi ba. Kotun Ƙolin Amurka ta lura da wannan a 1985, a shari'ar wani mutum mai suna Dowling da ya buga faya-fayan waƙoƙin Elvis Presley ba da izini ba, ya riƙa aika su daga jiha zuwa jiha. Kotun ta ce ba za a hukunta shi da dokar safarar kayan sata ba, domin keta haƙƙin mawallafi laifi ne mai zaman kansa, bai raba mai haƙƙi da abin da ke hannunsa ba. A bakin jama'a ana cewa satar fasaha, kuma kalmar ta dace da munin aikin. Amma mai shari'a yana bukatar ya san ainihin abin da aka ɗauke kafin ya yanke diyya.

Bambanci na biyu ba a cika lura da shi ba, ga shi kuwa ya fi na farko zurfi. Mallakar kadara tana tsayawa a kan abin da aka mallaka. Mai gona ikonsa ya ƙare a kunyar ƙarshe. Mallakar fasaha kuwa tana shiga cikin kadarar wasu. Idan aka ce wani yana da haƙƙin littafi, ma'anarsa ita ce mai ɗab'i a wani gari, da injinsa da takardarsa da tawadarsa da ya saya da kuɗinsa, ba shi da ikon jera kalmomi a wani tsari. Idan aka ce wani kamfani yana da haƙƙin magani, ma'anarsa mai harhaɗa magunguna a wata nahiya ba zai haɗa sinadaran da ke cikin ɗakinsa ta wata hanya ba, ko da shi da kansa ya gano hanyar bai kwaikwayi kowa ba. Ashe ke nan duk abin da aka ƙara wa mai fasaha, daga ikon masu kadara aka yanko shi. Wannan ne ya sa dokoki suka kafa ƙa'idar cewa haƙƙin mawallafi a kan kwafi guda yana ƙarewa da sayarwar farko: wanda ya sayi littafi yana iya ara shi, ya sayar, ya bayar kyauta. A 2013 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar da haka ga wani ɗalibi ɗan ƙasar Tailan da 'yan'uwansa ke sayo masa littattafan karatu da araha a gida, shi kuma yana sayarwa a Amurka, duk da ƙarar da kamfanin ɗab'i na Wiley ya kai shi.

Bambanci na uku ya shafi asali. Ba a taɓa samun mawallafin da ya fara daga babu ba. Harshen da ya yi rubutu da shi gado ne, haka karin waƙarsa da salon labarinsa. Masu nazarin adabin Hausa sun daɗe da nuna cewa Abubakar Imam ya ɗebo da yawa daga labaran Magana Jari Ce a Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai da na Gabas, ya sake musu tufafi har suka zama 'yan gida, kuma babu mai hankalin da zai ce wannan ya rage masa daraja. A nan ma gwanintarsa ta fito. Ishiriniyar da ake rerawa a zaurukanmu aikin mutum biyu ce: Alfazazi ya tsara baitocin asali, Ibn Mahib ya yi musu tahamisi, wato ya ƙara sheɗara uku a gaban kowane baiti mai sheɗara biyu. Da Alfazazi da magadansa suna da ikon hana kowa gini a kan aikinsa har abada, da wannan waƙa ba ta zo mana a siffar da muka san ta ba. Gona tana iya zama ta mutum ɗaya shekara ɗari ba tare da noman maƙwabci ya tsaya ba, amma ilimi abincin ilimi ne. Wanda ya killace na jiya ya yanke wa na gobe hanya.

To, mene ne hujjojin masu neman a daidaita su? Uku ne fitattu. Ta farko hujjar gumi ce, wadda ake jingina wa John Locke, masanin falsafa na Ingila a ƙarni na 17: wanda ya cuɗa aikinsa da abin da ba na kowa ba, abin ya zama nasa. Suka ce idan haka ne, mawallafi ya fi manomi cancanta, tunda manomi ya tarar da ƙasa, shi kuwa mawallafi da ba don shi ba da littafin bai wanzu ba. Hujjar tana da ƙarfi wajen tabbatar da cewa akwai haƙƙi, amma ba ta faɗi girmansa ba. Locke ya gindaya sharaɗin a bar wa saura abin da zai ishe su, kuma shi da kansa, lokacin da ake muhawarar dokar ɗab'i a Ingila wajen 1694, ya ba da shawarar a iyakance mallakar littafi zuwa shekara 50 ko 70. Ta biyu hujjar mutuntaka ce, wadda ta fi ƙarfi a Jamus da Faransa: aikin mutum wani yanki ne na kansa, wanda ya taɓa shi ya taɓa mutuncinsa. Wannan gaskiya ce, za mu kuma dawo kanta, sai dai abin da take karewa suna ne da mutunci, ba ta kai ga farashi ba. Ta uku hujjar maslaha ce: rubuta littafi ko gano magani yana cin shekaru da dukiya, kwafarsa kuwa ba ta cin komai, don haka in ba a ba mai aikin wani lokaci da zai mayar da jarinsa ba, masu yi za su ragu. A ganinmu wannan ce ta fi sauran bayyana dokokin da ake da su, kuma tana ɗauke da iyakarta a cikinta, domin abin da aka bayar saboda wata manufa yana tsayawa inda manufar ta tsaya.

Tarihi ya nuna cewa an taɓa gwada wannan tambaya a gaban alƙalai, ba a takarda kawai ba. Tun 1557 ƙungiyar masu ɗab'i ta birnin Landan take riƙe da ikon buga littattafai a Ingila, 'ya'yanta suna saye da sayar da haƙƙin littafi suna gadar da shi kamar gida. A 1710 majalisa ta yi dokar da ake kira ta Sarauniya Anne, wadda ta ba mawallafi shekara 14, da ƙarin 14 idan yana raye, tsofaffin littattafai kuma shekara 21. Da wa'adin ya cika, manyan masu sayar da littattafai na Landan suka ce dokar ƙari ce kawai a kan wani haƙƙi na asali da ba ya ƙarewa, har wata kotu ta ba su gaskiya a 1769. Sai wani mai sayar da littattafai daga Edinbara, Alexander Donaldson, wanda ke buga tsofaffin littattafai da araha, ya ɗaukaka ƙara zuwa Majalisar Dattawan Birtaniya. A Fabrairun 1774 majalisar ta yanke cewa haƙƙin littafin da aka buga yana ƙarewa da wa'adin doka. Abin lura a nan shi ne waɗanda suka yi yaƙin neman dawwama da sunan mawallafa 'yan kasuwa ne da suka riga suka saye haƙƙin. Marubucin waƙoƙin da aka yi shari'ar a kansu, James Thomson, ya rasu tun 1748. Shekara 13 bayan hukuncin 1774 tsarin mulkin Amurka ya bi wannan sawu, ya ba majalisa ikon kare mawallafa da maƙaga na ƙayyadadden lokaci, don ci gaban ilimi da sana'o'i.

Malaman fiƙihu sun zo wa matsalar ta wata ƙofa, wato ma'anar dukiya. Magabatan Hanafiyya sun taƙaita dukiya ga abin da ake iya riƙewa a adana, don haka amfani tsagwaronsa, kamar zaman gida ko hawan dabba, ba dukiya ba ne a wurinsu sai ta hanyar ƙulla yarjejeniya. Malikiyya da Shafi'iyya da Hanbaliyya kuwa sun ɗauki amfani a matsayin dukiya, kuma a kan wannan ne mafi yawan malaman zamani suka gina halascin haƙƙin fasaha. A Disambar 1988, a zamanta na biyar a Kuwait, Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zartar cewa sunan kasuwanci da alamarsa da wallafa da ƙagowa haƙƙoƙi ne na masu su, al'adar zamani ta ba su ƙimar dukiya, kuma bai halasta a keta su ba. Akwai malaman da suka saɓa, suna tsoron kada abin ya zama ɓoye ilimi, wanda aka yi gargaɗi mai tsanani a kansa, suna kuma cewa wanda ya sayi littafi ya mallake shi mallaka cikakkiya. Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne dalilin da majalisar ta kafa: al'ada. Hukuncin da aka gina a kan al'ada da maslaha yana karɓar iyaka da wa'adi, yana kuma sauyawa idan sun sauya.

Daga nan muke ganin cewa tambayar da muka fara da ita ta haɗa abu biyu da ya kamata a raba. A cikin abin da ake kira mallakar fasaha akwai haƙƙin nasaba, wato a jingina aiki ga mai shi, kada a canza masa magana a ce shi ya faɗa. Akwai kuma haƙƙin cin moriya, wato shi kaɗai zai buga, ya sayar, ya ba da izini. Matsayinmu shi ne na farko ya fi mallakar kadara ƙarfi, na biyu kuma bai kai ta ba, kuma daidai ne kowannensu ya zauna a haka.

Haƙƙin nasaba ya fi ƙarfi domin ba ya sayuwa kuma ba ya tsufa. Wanda ya sayar da gida, gidan ya bar sunansa. Wanda ya wallafa littafi kuwa, ko ya sayar da dukkan ribarsa, ba zai iya mayar da wani ya zama shi ya rubuta ba, domin wannan ƙarya ce a kan abin da ya faru. Al'adar karatunmu ta zaure ta san wannan haƙƙi tun kafin zuwan injin ɗab'i. Almajiri yana kwafe littafi da hannunsa ba ya neman izinin kowa, ba ya biyan kowa, amma ba zai kuskura ya cire sunan mawallafi daga farkonsa ba, kuma a ƙarshe yakan rubuta nasa sunan a matsayin mai kwafi kawai, ya roƙi addu'a. Kwafi a wurinsu hidima ce, shafe nasaba kuwa cin amana. Imam Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, har risala ya rubuta a kan bambancin mawallafi da ɓarawo, saboda wani da ya kwashi aikinsa bai ambace shi ba. Dokokin zamani sun iso wannan wuri daga baya: an shigar da haƙƙin nasaba cikin Yarjejeniyar Bern ta ƙasa da ƙasa kan haƙƙin mawallafi ta 1886 a gyaran da aka yi mata a Rum a 1928, dokar Faransa kuma ta mayar da shi haƙƙi na har abada da ba a sayarwa. Ba mu ga abin da al'umma za ta rasa ba idan aka dawwamar da shi, domin faɗin sunan mai aiki ba ya hana kowa karatu.

Haƙƙin cin moriya kuwa kowace rana da ya ƙara, wani ne ke biya. Thomas Macaulay ya gaya wa majalisar Birtaniya a 1841 cewa haraji ne da ake ɗora wa masu karatu don a saka wa marubuta. Ya yarda a ɗora shi, amma kada ya wuce gwargwadon bukata ko da kwana ɗaya. Inda wannan ya fi fitowa fili shi ne magani. A ƙarshen shekarun 1990 haɗin magunguna uku masu danne ƙwayar cutar ƙanjamau yana cin sama da dala 10,000 a shekara ga mutum ɗaya, a daidai lokacin da cutar ke kashe mutane a kudancin Afirka ba adadi. Afirka ta Kudu ta yi doka a 1997 don sauƙaƙa shigo da magani mai araha, kamfanonin magunguna 39 suka kai gwamnatinta kotu. A Fabrairun 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin sayar da irin wannan haɗi a kan dala 350 a shekara, ƙasa da dala ɗaya a rana. A Afrilun shekarar kamfanonin suka janye ƙararsu, a Nuwamba kuma Ƙungiyar Ciniki ta Duniya ta fitar da sanarwar Doha, wadda ta tabbatar wa ƙasashe ikon ba da lasisin dole, wato izinin da hukuma ke ba wani ya sarrafa magani ba da yardar mai haƙƙi ba, a biya shi diyya daidai gwargwado. Ba mu raina kuɗin da ake kashewa wajen gano magani ba. Da ba a kashe ba, da babu abin da za a kwafa. Amma tazarar da ke tsakanin 10,000 da 350 ba ta sinadari ba ce, ta doka ce, kuma abin da doka ta gina saboda maslaha ba ya da hujjar tsayawa a ranar da ya zama shi ne ke tsakanin majiyyaci da rai.

Game da tsawon wa'adi, muna ganin dokokin yau sun zarce. Yarjejeniyar Bern ta sa mafi ƙaranci ya zama rayuwar mawallafi da shekara 50 bayansa. Tarayyar Turai da Amurka sun kai shi 70, haka ma dokar Nijeriya ta 2022 ga rubutu da waƙa da zane. Amurka ta yi nata ƙarin a 1998, ta haɗa har da ayyukan da aka riga aka yi, shi ya sa fim ɗin farko na Mickey Mouse na 1928 bai zama na kowa ba sai ranar 1 ga Janairun 2024. Masana tattalin arziki 17, biyar daga cikinsu masu lambar Nobel, sun rubuta wa Kotun Ƙoli cewa ƙarin ba zai haifar da wani sabon aiki na a-zo-a-gani ba, ko da yake kotun ta bar dokar a 2003. Lissafin ba mai wuya ba ne. Idan aka ƙaddara jari yana haɓaka da kashi 7 cikin 100 a shekara, naira 100 da za a karɓa bayan shekara 80 ba ta kai darajar kwabo 50 a yau ba. Babu marubucin da zai ɗauki alƙalami ko ya ajiye saboda wannan, balle wanda ya riga ya kwanta dama. A ɗaya gefen kuwa akwai dubban littattafan da suka ɓace daga kasuwa, mai haƙƙinsu ba ya bugawa, wani kuma ba shi da ikon bugawa.

Sauran abin da ya rage shi ne tambayar wa ke riƙe da haƙƙin a zahiri, domin sau da yawa ba mai fasahar ba ne. Kasuwar finafinan Hausa a zamanin kaset ta ba da misali mai kyau na yadda masu sana'a ke gane bakin zaren da kansu. Kamar yadda Brian Larkin ya bayyana a nazarinsa na Kano, furodusa yakan kai wa 'yan kasuwar Ƙofar Wambai kaset na asali, su ne masu injinan kwafi, su ne masu kaset ɗin da ba a ɗauki komai a kai ba. Abin da shi yake bugawa ya riƙe a hannunsa shi ne kwali. Ɗan kasuwa ya sayi kwalaye gwargwadon abin da yake ganin zai sayar, ya kwafi fim ya zura a ciki, kuɗin furodusa kuma yana bin yawan kwalin da ya fita. Wato da suka ga fim ba ya tsaruwa, sai suka ɗaure haƙƙinsa a jikin wata 'yar kadara da ake iya ƙirgawa. Dabarar ta yi aiki har zuwa lokacin da fim ya daina bukatar jiki, masu tura finafinai a waya suka cika bakin titi, kwali ya rasa abin da zai rufe. Masu shirya fim da yawa sun ji jiki a wannan sauyi, kuma ba ƙarancin shekarun kariya a takarda ne ya cuce su ba. Abin da suka rasa shi ne hanyar karɓar kuɗinsu a watannin farko, lokacin da fim ke da kasuwa.

Labarin Solomon Linda ya fi wannan ɗaci. Mawaƙi ne Bazulu wanda a 1939 ya ɗauki waƙarsa Mbube a ɗakin ɗaukar sauti na kamfanin Gallo a Johannesbag, ya sallama haƙƙinta a kan ɗan kuɗin da aka ruwaito sule goma ne. Waƙar ta ƙetare teku, aka sake ta a Amurka da sunan Wimoweh, sannan a 1961 ta fito da sunan The Lion Sleeps Tonight, daga baya ta shiga fim ɗin The Lion King na kamfanin Disney a 1994. Linda ya rasu a 1962 cikin talauci, an kuma daɗe ana buga waƙar da sunayen wasu. Ya rasa moriya, ya rasa nasaba. Da ana bin hukuncin kadara tsantsa, da magana ta ƙare tun ranar ciniki, domin wanda ya sayar da gonarsa da araha ba ya dawowa bayan shekara 60 ya ce ta yi albarka a ba shi kaso. Abin da ya ceci 'ya'yansa wani sashe ne na dokar haƙƙin mawallafi ta Daular Birtaniya ta 1911, wadda ta shafi Afirka ta Kudu a lokacin da aka yi waƙar. Sashen ya ce duk abin da mawallafi ya sallama, haƙƙin yana komawa ga magadansa shekara 25 bayan rasuwarsa, domin masu dokar sun san cewa mai fasaha yakan sayar da aikinsa a ranar da shi da mai saye ba wanda ya san darajarsa, kuma shi ne mai bukata. Da wannan sashe lauyoyi suka shigar da ƙara a 2004, aka yi sulhu a Fabrairun 2006: aka amince a biya magadan kuɗin baya da kaso na gaba, aka kuma sanya sunan Linda cikin waɗanda suka tsara waƙar.